Sharhi kan hidimar kwalekwale da ɗan jagora ta kallon tsuntsaye a Tafkin Nguru

A garin Nguru da ke Jihar Yobe akwai wasu matasa da suka mayar da kai baƙi kallon tsuntsaye sana'arsu. Ba su da ofis, ba su da allon talla a bakin titi, ta waya ake samun su, kuma galibi wani wanda ya taɓa bin su ne zai haɗa ka da su. Abin da suke sayarwa a dunƙule shi ne motar da za ta ɗauke ka daga masauki zuwa bakin ruwa, da kwalekwale tare da matuƙinsa, da ɗan jagora mai bayani, da aron madubin hangen nesa, da karin kumallo. Na bi su a tsakiyar watan Fabrairu, lokacin da hunturu bai gama janyewa ba, kuma ra'ayina shi ne hidimar ta cancanci kuɗinta, amma saboda mutum ɗaya da ba a ko ambaci sunansa a cikin cinikin ba, wato dattijon da ke tuƙa kwalekwalen. Sauran abubuwan da aka jera mini a waya, wasu sun yi daidai, wasu kuwa suna bukatar gyara na gaske.

Duk tallarsu ta dogara ne a kan kalma guda, Ramsar. A saƙon farko da suka aiko mini sun rubuta cewa za su kai ni wurin da duniya ta amince da shi, kuma wannan magana gaskiya ce. Ramsar gari ne a ƙasar Iran, a gaɓar Tekun Kaspiyan, inda aka sanya hannu kan yarjejeniyar kare dausayoyi a ranar 2 ga Fabrairu, 1971, ta kuma fara aiki a 1975. A yau sama da ƙasashe 170 suna cikinta, wuraren da aka yi wa rajista sun haura 2,400. Tafkin Nguru tare da mashigar ruwa ta Marma, mai faɗin kimanin hekta 58,000, shi ne wuri na farko da Najeriya ta shigar a cikin wannan jeri, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara wasu, ciki har da dausayin Baturiya a Jigawa mai sama da hekta 100,000, da ɗan tafkin Dagona mai hekta 344 kacal, da Maladumba a Bauchi. Maƙwabciyarmu Nijar ma tana da nata, irin su tafkin Tabalak da Dallol Bosso. Daga cikin ma'aunan da ake dubawa kafin a karɓi wuri akwai biyu da suka shafi tsuntsaye kai tsaye: ko dai wurin yana ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kuma yana ɗaukar kashi 1 cikin 100 na adadin wani rukuni na jinsin tsuntsun ruwa guda. Ɗan jagoran ya san waɗannan shekaru da alƙaluma a ka, ya kuma kawo su ba tare da gargada ba, abin da ya nuna ya yi karatun aikinsa.

Sun cika alkawarin lokaci. Bayan sallar asuba motar ta iso, kafin rana ta fito mun isa mashayar da ake tashi. A nan na fara ganin abin da ya bambanta su da masu haya na yau da kullum, domin kwalekwalen ba shi da inji. Ɗan jagoran ya ce da gangan suka zaɓi haka, tun da ƙarar inji tana korar agwagwa tun daga nesa, kuma farfela ba ta da amfani a cikin ciyawa. Matuƙin, wanda kowa ke ce wa Baba, dattijo ne Babade da ya tashi a cikin sana'ar su, yana tsaye a ƙarshen jirgin da doguwar gora a hannunsa, yana kafa ta a laka yana turawa, ba ya ɗaukar filafili sai inda ruwa ya yi zurfi.

Kusan rabin sa'a na farko ba mu ga tafki ba, kachalla muka gani. Wannan ciyawa ta fi tsayin mutum nesa, ta tsaya hagu da dama kamar katanga, ta bar wata siririyar hanya da masunta suka sare da adda, wadda a wasu wurare ganyen ke gugar gefen jirgin ta ɓangarori biyu. Inda aka sare ta kwanan nan sababbin tofo sun riga sun leƙo saman ruwa, kore shar. Baba ya nuna mini da haɓarsa wani wuri da ya ce gonar shinkafar gidansu ce a da, ya ce tun yana saurayi ake shuka a wurin da damina a girbe da kaka, ruwa ya janye a yi noman rani, amma yanzu ruwan ba ya janyewa, kachalla ta cinye ta. Bai tsaya yana kuka da lamarin ba, ya faɗa ne kawai a kan hanya, sannan ya ce in sunkuyar da kai saboda wani reshe. Duk mai son fahimtar halin da dausayin ke ciki, wannan rabin sa'ar ta ishe shi darasi, kuma na so a ce ɗan jagoran ya bar dattijon ya ƙara magana maimakon ya riƙa katse shi da abin da ya haddace.

Da muka fita fili sai lamarin ya sauya. Ruwa ya buɗe, ganyen bado ya shimfiɗu a kansa, wani tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa da dogayen yatsu yana tafiya a kan ganyen ba tare da ya nutse ba. Can gaba garken kirinjijiya ne a kan wani tsibiri na laka, fuskokinsu farare, suna fito mai gaɓa uku, a bayansu kuma manyan dinya baƙaƙe masu farin ciki. Zalɓe yana tsaye shi kaɗai, balbelu sun bi shanun Fulani da ke kiwo a gefen ruwa. Waɗannan duk 'yan gida ne, kuma kowane ɗan yankin ya san su. Baƙin da aka zo dominsu sai an kula, domin ba su da ado. Baba ya tsayar da jirgin a bayan wani kurmin ciyawa, ya ce mini, "Malam, dubi can, ƙananan nan da ke kwance a tsakiyar ruwa, ba namu ba ne." Da na ɗaga madubi sai na ga ƙananan agwagwi masu yawan gaske, masu launin toka da ƙasa-ƙasa, wasu daga cikin mazan sun fara fitar da wani farin layi da ya taso daga saman ido ya lanƙwasa zuwa wuya. A Turai da Saberiya suke yin ƙwai, a nan suke cin rani. A cikinsu akwai wasu da suka fi su girma, masu dogon wuya da wutsiya mai tsini, su ma daga arewacin duniya suka taso.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne share-fage. A wata gonar shinkafa da aka girbe, wadda ruwa ya ɗan rufe, suna nan birjik suna tsintar ƙwayar da ta zube. Namijin ya fi macen girma ƙwarai, har mai kallo zai zaci jinsi biyu ne daban. A nan ba su da wata kama ta a zo a gani, amma ɗan jagoran ya nuna mini hoto a wayarsa na yadda namijin ke zama idan ya koma arewacin Turai da bazara, gashi ya tofo masa a wuya kamar wanda ya yi naɗi. Wannan dabara ta nuna hoton tsuntsu a can gidansa yayin da kake kallonsa a gabanka ta yi kyau sosai, kuma a nan ne ɗan jagoran ya fi nuna amfaninsa. Ya bayyana cewa baƙin suna fara sauka daga watan Satumba zuwa Oktoba, suna tashi tsakanin Maris da Afrilu, wato suna zuwa ne daidai lokacin da shamuwa ke barin mu ta nufi kudancin Afirka, suna kuma tafiya gab da dawowarta.

Bayaninsa kan dalilin da ya sa wurin yake da muhimmanci ga tsuntsayen ya gamsar da ni. Tsuntsun da ya taso daga Turai sai ya ƙetare Bahar Rum, sannan ya ƙetare Sahara mai faɗin sama da kilomita 1,500, inda babu ruwa babu abinci. Ruwan farko da zai tarar idan ya fito su ne dausayoyin Sahel, wato na kogin Sanagal, da na tsakiyar kogin Neja a Mali, da Tafkin Chadi, da wannan na Haɗeja da Nguru. Matsayinsu a wurinsa shi ne matsayin zango a wurin fatake, idan rijiyar zango ɗaya ta ƙafe ayarin gaba ɗaya ne ke shiga uku. Kafin komawa kuwa dole ne ya ci ya tara kitse, domin kitsen nan shi ne guzurin da zai ƙetare hamada da shi. Masana a Ingila sun ga shaidar haka da idonsu a 1969, lokacin da wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke cin rani a Sahel ya koma musu da ƙaranci mai tayar da hankali bayan farin da aka fara a yankinmu. Wannan ne ya sa ƙasar da tsuntsu ke yin ƙwai ba za ta iya kare shi ita kaɗai ba, kuma shi ne tushen yarjejeniyar Ramsar da kuma wadda aka ƙulla a 1995 kan tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka, Turai da yammacin Asiya.

To, a nan ne kuma na ga aibin da ya fi ɓata mini rai. Bayan duk wannan bayani a kan kitse da guzuri, wani yaro da ke taimaka wa ɗan jagoran ya ɗauki filafili ya buga a gefen jirgi da ƙarfi, don agwagwin su tashi in samu hoto. Sun tashi kuwa, sama ta cika da su, sun yi ta kewayawa kafin su sauka can nesa. An ce mini baƙi da yawa suna neman a yi musu haka, wasu ma suna ba da tukwici. Amma tsuntsun da aka tayar a watan Fabrairu ƙarfin da yake tarawa don doguwar tafiya ne yake ƙonawa a banza, kuma idan kowane jirgi zai yi haka sau da yawa a yini, ƙarshenta garken zai ƙaurace wa wurin, sana'ar ma ta mutu. Baba bai ce uffan ba, amma ya juya jirgin ya bar wurin. Shawarata ga duk mai zuwa ita ce ya faɗa tun a bakin ruwa cewa ba ya son a tayar masa da tsuntsu. Da na faɗa, ba a sake ba.

Kayan aikinsu ma suna da rauni. Madubin da aka ara mini ya sha jiki, idonsa ɗaya ya yi hazo, sai mutum ya rufe ido guda kafin ya ga abu sosai, alhali ƙurar hunturu ta riga ta rage gani. Littafin gane tsuntsaye ɗaya ne, da Turanci, kuma babu ko takarda guda da aka rubuta sunayen tsuntsayen da Hausa ko Badanci ko Barbarci, duk da cewa dattijon da ke tsaye a bayan jirgin ya san sunayen nan tun yana yaro. Yini guda da alƙalami ya isa a rubuta su daga bakinsa. Mafi muni shi ne babu rigar kariya daga nutsewa ko ɗaya a cikin jirgin. An ce mini ruwan ba shi da zurfi, kuma a wurare da yawa haka ne, amma akwai inda gorar Baba ta shige kusan duka, kuma ba mu rasa labarin kifewar jiragen ruwa a arewacin ƙasar nan ba. Wanda zai zo da yara ko ɗalibai ya taho da rigunansa. Kada kuma a bar yara su shiga ruwan da ƙafa, domin ruwan da ke kwance a cikin ciyawa irin wannan wurin kamuwa da tsargiya ne.

Akwai wata magana da ɗan jagoran ya yi wadda ya kamata ya gyara, domin tana ba baƙo fahimtar da ba daidai ba. Ya ce tun da wurin yana cikin jerin Ramsar, Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke kula da shi. Ba haka ba ne. Sakatariyar yarjejeniyar tana garin Gland a Suwizalan, ba ta da dakaru, ba ta da masu gadi, kuma shigar da wuri a jerin ba ya cire shi daga hannun ƙasar da ke da shi. Ƙasar ce ke zaɓen wurin, ita ce ke yin alkawarin kiyaye yanayinsa da bayar da rahoto idan ya sauya. Yarjejeniyar ba ta hana kamun kifi ko noma ko kiwo ba, abin da ta nema shi ne a yi amfani da dausayi cikin hikima, yadda ba zai ƙare ba. Saboda haka wanda ya zo yana tsammanin shinge da ƙofa zai sha mamaki, domin abin da zai tarar shi ne masunta suna duba mali da koma, mata suna tsinkar bado, masu kaba suna ɗaure dami, makiyaya suna shayar da dabbobi, tsuntsayen Turai kuma suna kiwo a tsakaninsu.

Abin da ke yanke hukunci kan yawan tsuntsayen da za ka gani yana can nesa da Nguru, a saman kogi. Dausayin ya samu ne daga ambaliyar kogin Haɗeja da kogin Jama'are, waɗanda ke bazuwa a tsakanin tsofaffin tuddan rairayi kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duka a Jihar Kano. Tun daga nan ambaliyar damina ta ragu, sannan ruwan da ake saki da rani ya sa wasu hanyoyin ba sa bushewa ko kaɗan. Kachalla kuwa ruwa mai kwanciya marar zurfi take so duk shekara, don haka ta bazu, ta toshe wasu mashigai, laka ta taru, ruwa ya karkata ya yi yawa a ɓangaren Marma da Nguru yayin da wasu garuruwan na ƙasa ke nemansa. Binciken tattalin arziki da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar ya fi kawo amfani, ta hanyar noma da su da itace, a kan irinsa da aka tare don noman rani a sama. Ɗan jagoran ya san sunayen madatsun, amma bai haɗa su da kachallar da muka ratsa da safe ba, sai da Baba ya ce, "Ai ruwan ne ya daina tafiya da lokacinsa."

Inda na yaba masa ƙwarai shi ne yadda ya ɗauki maganar manoma. Mun tsaya a wani ƙauye shan ruwa, wani manomi ya ji abin da ya kawo mu, ya ce shi tsuntsun da ya sani shi ne jan baki, wanda ke kwana a cikin kachalla ya fito da safe ya share masa gonar shinkafa, yaransa suna yini a kan rumfa suna kaɗa gwangwani. Ɗan jagoran bai yi masa wa'azi ba. Ya saurare shi, ya yarda cewa ɓarnar gaskiya ce, sannan ya bambanta masa jan baki da baƙin ruwa, ya kuma ce rage kachalla zai amfani manomi da masunci da agwagwa baki ɗaya. Haka ya kamata mai wannan sana'a ya yi magana, domin baƙo zai koma gida da yamma, shi kuwa da mutanen nan zai ci gaba da zama. Na tambayi Baba ko yana ganin gauraka, ya ce a da ana ganinsu garke-garke a fadama, yanzu kuwa ya daɗe rabonsa da su, kuma wannan ya yi daidai da abin da aka sani na ƙarancin da suka yi a Najeriya.

Karin kumallon shayi ne da burodi da ƙosai, ba yabo ba fallasa. Da rana sun tsaya da mu wurin masu banda, muka sayi tarwaɗa da karfasa da kuɗinmu, kuma kifin ya yi daɗi.

Suna da ƙarin tafiya zuwa Dagona, a ƙasar Bade kusa da Gashuwa, ga wanda ya ƙara kuɗi. Wannan wuri yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, shi ne kuma wanda marigayi Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya ziyarta a 1989. Tun da yana ƙarƙashin hukumar gandun daji, da izinin jami'anta ake shiga, kuma ya kamata mai tafiya ya tambayi matasan tun a waya ko kuɗin shiga yana cikin cinikin ko a'a. Wannan tambaya ta shafi dukkan harkarsu, domin ba su da rubutaccen farashi kuma ba sa bayar da rasit, komai da baki ake yi. Ni dai ba a ƙara mini ko sisi a kan abin da muka shirya ba, amma da na tambayi rabon da matuƙin jirgi ke samu sai aka yi ta kwana-kwana, abin da ya sa na ba shi nasa hannu da hannu, kuma haka nake ba kowa shawara ya yi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. A watan Janairu ne ake yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, saboda a lokacin baƙin sun gama sauka ba su kuma fara tashi ba. Wanda ya zo da damina zai ga ruwa da kore, amma ba zai ga agwagwar Turai ba. A fita da sassafe, a sa rigar sanyi domin iskar kan ruwa tana ratsa jiki, a taho da hula da ruwan sha da madubi mai kyau idan da hali, a kuma tambayi mutanen gari halin da hanya ke ciki kafin a kama tafiya. Malaman makarantun sakandare da ɗaliban kimiyyar halittu da na labarin ƙasa su ne za su fi kowa cin moriyar hidimar, muddin makarantar ta tanadi rigunan kariya kuma ba a cika jirgi fiye da kima ba. Idan kuna da yawa, ku nemi jirgi biyu, ku kuma roƙa tun kafin ranar a haɗa ku da matuƙi dattijo wanda ya san ruwan tun kafin kachalla ta rufe shi.